Zaren fayiba mai rami a ciki: yadda yake riƙe haske da yadda ake aiki da shi

Duk yaron da na koya wa haɗa fayiba, wato zaren da ke ɗaukar saƙonni ta hanyar haske, da abu ɗaya nake farawa: zuciyar zaren, gilashi ce mai faɗin maikiron 9 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kewaye da wani gilashin da bai kai ta danne gudun haske ba, shi ya sa hasken ke dawowa ciki duk lokacin da ya taɓa iyaka. To, ka ajiye wannan darasi a gefe, domin a zare mai rami ba ya aiki. Tsakiyarsa iska ce kawai, iska kuwa ba ta iya tsare haske ta wannan hanya.

Fara da gane abin da ke tsare hasken. Idan ka duba bakin zaren da madubin ƙara girma, za ka ga rami mai faɗin kamar maikiron 30, kewaye da ƙananan bututun gilashi guda biyar ko shida, a cikin kowanne kuma akwai wani ƙarami. Bangon bututun bai kai maikiron 1 kauri ba. Hasken da ya doshi bangon yana dawowa daga fuskarsa ta ciki da ta waje, an kuma auna kaurin ta yadda wanda ke neman ratsawa zai kashe juna, mai dawowa ya ƙarfafu. Irin abin da ke sa man inji da ya malala a kan ruwa ya riƙa nuna launuka ne. Sakamakon haka, sama da kashi 99 cikin 100 na hasken a iska yake tafiya. Francesco Poletti na Jami'ar Southampton a Ingila ne ya gabatar da wannan tsari na bututu cikin bututu a 2014. Kafin shi, a 1999, tawagar Philip Russell a Jami'ar Bath ta fara nuna zare mai rami, amma nata na zagaye da ɗaruruwan ƙananan kafofi.

Sai ka yi lissafi kafin ka nemi zaren. A gilashi haske na cin kusan maikirosakan 4.9 a kowace kilomita (maikirosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan), a iska kuwa kusan 3.3. Ribarka kenan maikirosakan 1.5 da ɗoriya a kilomita. A kilomita 40, ka samu kamar maikirosakan 60. Mai kallon bidiyo a waya ba zai taɓa jin wannan ba, kuma ba na son a yaudari kowa da shi. Masu cinikin hannun jari da kwamfuta su ne suka fara biya, sai manyan cibiyoyin bayanai da ke son gine-ginensu masu nisa da juna su yi aiki tamkar ɗaya. Dalilin da ya sa Microsoft ya sayi kamfanin Lumenisity, mai ƙera irin wannan zare, a Disambar 2022 kenan. A 2025 masu binciken Microsoft suka sanar da asarar dB 0.091 a kilomita (dB shi ne ma'aunin hasken da ke ɓacewa a hanya), ƙasa da 0.14 da zaren gilashi mafi kyau ya tsaya a kai shekara da shekaru. Wannan lamba ita ta fi burge ni.

Ana kuma tura hasken leza mai ƙarfi ta cikin zare mai rami zuwa wurin yankan ƙarfe, tun da babu gilashin da zai ƙone a hanya, ana kuma cika ramin da iskar gas kamar methane don auna ta.

Yanzu aikin hannu, inda hankalina ya fi karkata. Kada ka bar bakin zaren a buɗe. Ƙura da danshi suna shiga, su yi nisa inda ba ka iya kaiwa. Goge jikinsa kafin ka yanka, ba bayan yanka ba, domin ramin na zuƙe ruwan gogewa da kansa. Da ka yanka, ka haɗa ko ka toshe.

A na'urar haɗawa, kada ka yi amfani da saitin da ka saba. Wutarsa za ta narkar da siraran bututun su rufta, haɗin ya yi kyau a ido amma haske ya ƙi wucewa. Nemi saitin da masu ƙera zaren suka bayar: wuta kaɗan, lokaci gajere.

Inda zai haɗu da zaren gilashi na yau da kullum akwai matsala biyu. Faɗin hasken ba ɗaya ba ne, sannan kusan kashi 3.5 cikin 100 na komawa baya a mahaɗar iska da gilashi. Yi amfani da guntun mahaɗi da aka ƙera don wannan, kar ka manna su kai tsaye.

Wajen gwaji, OTDR ɗinka, wato na'urar da ke tura haske cikin zare ta auna wanda ya dawo, zai nuna layin kamar babu shi, saboda iska ba ta watso haske baya yadda gilashi ke yi. Kada ka yanke cewa zaren ya tsinke. Sa fitilar gwaji a wannan baki, mitar ƙarfin haske a wancan, ka auna asarar daga ƙarshe zuwa ƙarshe.