Yadda Ake Cire Tsohon Fenti Daga Jikin 'Yan Sojojin Wasan Tebur

'Yan sojojin Warhammer (wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur da ƙananan mutum-mutumi) na farko da suka shigo hannuna na gwanjo ne, su ashirin a cikin kwalin takalmi. Wanda ya riƙe su kafin ni ya lafta musu fenti har ba a gane ido daga hanci, kwalkwalinsu ya zama dunƙule kamar curin fura. Na ji takaici, domin na san abin da ke ƙarƙashi. Ɗan mutum-mutumin da tsayinsa bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, masassaƙi ya fitar masa da igiyar takalmi da tabon fuska da ƙullin ɗamara. Duk wannan yana nan lafiya lau, fenti ne kawai ya binne shi, kuma ana iya tono shi.

Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma yanzu cibiyarsa ke Nottingham a Ingila, ya fitar da Warhammer a 1983, sannan wani wasan mai suna Warhammer 40,000 a 1987. Shekarun nan suna da amfani gare ka, saboda abin da ake ƙera 'yan sojojin da shi ya yi ta sauyawa, kuma shi ne zai gaya maka ruwan da za ka tsoma su ciki.

Don haka kafin ka buɗe kowace kwalba, ɗauki ɗan sojan ka auna shi a tafin hannu. In yana da nauyi da sanyi, ƙarfe ne. Tsofaffin na shekarun 1980 akwai dalma a cikinsu, na baya-bayan nan kuwa galibi gamin kuza ne. In ba shi da nauyi, to ko dai roba ce mai tauri, ko kuma rezin, wato wani irin ƙaro da ake zubawa a mazubi ya daskare, irin na Forge World, wani sashe na kamfanin, ko samfurinsu Finecast da ya fito a 2011. Juya shi, ka ɗan kankari ƙasan ƙafarsa da reza: roba tana fitowa a naɗe kamar ɓawon albasa, rezin kuwa gari yake zubarwa. Kada ka shaƙi garin nan.

Ƙarfe ba ya tsoron komai. Roba tana narkewa a asiton, wato sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, haka nan a tinar masu fentin mota. Na taɓa jefa ɗan soja guda na roba a tina don in yi sauri. Kafin in dawo daga sallar la'asar bindigarsa ta lanƙwashe, fuskarsa ta shafe, kuma babu gyara. Har yau ina ajiye da shi. Rezin shi ne mai wuyar sha'ani, don ko ruwan da roba ke jurewa yana iya sa shi ya yi laushi in ya daɗe a ciki.

Ruwa biyu nake amfani da su. Na farko shi ne sifirit ɗin aisofurofil mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, wanda masu gyaran waya ke goge injin waya da shi. Mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, aikinsa a hankali yake. Na biyu kuwa yana cikin kusan kowane gida: Dettol, ruwan ƙasa-ƙasan nan na asali da ake ɗigawa a ruwan wanka, ba sabulunsa ba, ba kuma na feshi ba. Akwai man itacen fain da sifirit a cikinsa, su ne suke sassauta fentin akirilik, wato irin fentin da aka saba yi wa 'yan sojojin. Wasu suna amfani da man birki, kuma yana aiki, amma guba ne, ba na so ya shigo gidan da yara ke rarrafe.

Sauran kayan ba su da yawa: kwalbar gilashi mai murfi, irin ta bama da aka wanke, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, safar hannu ta roba, tsumma ko tsohuwar jarida, da sabulun wanke-wanke.

Fara da cire abin da zai ciru. In an manna hannu ko garkuwa da sufa gulu, saka ɗan sojan a firiza ya kwana. Sanyi yana sa gam ɗin ya yi gautsi, sai ka ɗan murɗa ya ɓalle. In kuwa gam ɗin roba aka sa, bar shi yadda yake, don wannan gam narkar da ɓangarorin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Yashi da ciyawar ado da ke kan gindinsa, wato ɗan faifan da yake tsaye a kai, ka kankare su yanzu, kada su ɓata maka ruwa.

Sai jiƙo. Jera su a kwalba, ka zuba ruwan har ya shanye kansu, ka rufe sosai. Da aisofurofil, duba bayan minti 30. Sau da yawa fentin ya riga ya yamutse. Da Dettol, bar su su kwana, ko ma su yi awa 24. Na rezin kuwa kada ka yi nisa da shi: minti 10, ka ciro, ka goge, ka taɓa takobinsa ka ji ko ya fara laushi. A ajiye kwalbar a inuwa, nesa da risho da gas da janareta, domin sifirit yana kama wuta nan take. Ka kuma rubuta sunansa a jikin kwalbar ka ɗora ta sama, tunda a ido ba shi da bambanci da ruwan sha.

A wajen gogewa ne mutane da yawa suke ɓata aikinsu da Dettol, kuma dalilin ɗaya ne: ruwa. Ka san yadda Dettol ke komawa fari kamar madara in ya haɗu da ruwa? To in ruwa ya taɓa ɗan sojan alhali fentin da ya narke yana jikinsa, sai fentin ya zama ƙaro mai danƙo, ya like a kowane lungu, ya cika buroshi, ya fi na da wuyar fita. Saboda haka buroshinka ya zama busasshe, kwanonka busasshe. Ka riƙa tsoma buroshin a cikin Dettol ɗin kansa kana gogewa, kana share shi a tsumma. Sai ka ga babu sauran fenti sannan ka shafa sabulun wanke-wanke tsurarsa, ka cuɗa, daga nan ne ruwa zai shigo. In ka riga ka yi kuskuren, mayar da shi cikin sabon Dettol ya sake kwana.

Sa safar hannu. Dettol tsura yana busar da fata har ta yi ta saɓa kwana biyu. Buɗe taga kuma, don warinsa yana hawa kai.

Goge a hankali, daga sama zuwa ƙasa, kana tallafe mashi ko tuta da yatsa ta baya. Abin da na fi so a aikin nan shi ne lokacin tsinken sakace. Za ka sa bakinsa a ramin ido ko tsakanin yatsu, ka ɗan jawo, sai fentin ya taso kamar fatar tumatir da aka dafa, ga fuskar mutum ta bayyana da haƙoransa. Allura ta yi wa ƙarfe daidai, amma tana karce roba.

Zagaye ɗaya ba kasafai yake isa ba, musamman in an fesa fentin shimfiɗa na gwangwani, wato wanda ake fara sawa kafin sauran launuka. Maimaita jiƙo da gogewa sau biyu ko uku. In robar ta rine ta yi duhu-duhu bayan haka, kada ka damu. Launi ne ya shige ta, babu kauri, sabon fenti zai rufe shi. Tsofaffin na ƙarfe da aka yi wa fentin mai irin na Humbrol su ne suka fi taurin kai, kuma a nan asiton ke da rana, bayan ka cire gindin roba. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa masu dalma.

Kada ka zubar da ruwan jiƙon. Bar shi ya kwanta, ka tace da tsumma zuwa wata kwalba. Zai yi maka zagaye da yawa ko da ya yi baƙi. Gurɓin da ya rage a bar shi ya bushe a jarida sannan a kai shara, kada a tuttula shi a kwata.

Daga ƙarshe a ɗauraye su da ruwa mai ɗumi, a shanya a kan tsumma cikin ɗaki, ba a rana ba, don zafinta yana lanƙwasa rezin. Ba su kwana guda cur. Kafin ka fesa sabon fentin shimfiɗa, kai ɗaya hanci ka shinshina, ka murza shi da yatsa: in akwai warin Dettol ko santsi, sake wanke shi da sabulu, in ba haka ba sabon fentin ba zai kama ba.