Darasi na 9: Idan Ido Ya Firfito

Ƙwayar ido tana zaune ne cikin kwarmi na ƙashi. Bayanta akwai kitse da naman da ke juya ta, da jijiyar gani. Wurin a matse yake. Duk abin da ya kumbura a can baya, ba shi da hanya sai ya turo ido waje. Wani kuma haka Allah ya halicce shi da dara-daran idanu, wannan ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne idon da ya canja. A ɗauko tsohon hoton katin shaida a gwada da fuskar yau.

Tambaya ta farko: ido ɗaya ne ko biyu?

Idan biyu ne, a babban mutum, yawanci daga wuya ciwon yake. A gaban wuya akwai wata tsoka mai suna tairod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Wani lokaci garkuwar jiki takan juya ta far mata, ta kuma far wa naman bayan ido. Likitoci suna kiran wannan ciwon Girebs, kuma ya fi kama mata. Za ka ga mace tana ci sosai amma tana ramewa, zuciyarta na bugawa da sauri, hannu na rawa idan ta ɗauki kofin shayi, ga gumi ko da sanyin safiya. Farin ido yakan bayyana a saman baƙin, kamar wadda ta firgita. Sai a ce kambun baka ne ko iska, a yi wata da watanni ana turare, alhali gwajin jini zai nuna abin da ake ciki.

Maganin yakan fara da ƙwayar kabimazol, ana sha shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai shan ta idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakata ya je a auna jininsa a ranar. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita tun farko. Idan kumburin idon ya yi tsanani, akan yi ƙarin ruwa da maganin sitiroyid, wani kuma sai an yi masa aiki an faɗaɗa kwarmin. Sigari da shisha suna ƙara ciwon, suna kuma hana magani aiki. Wannan kam babu sassauci, a bar su.

Idan ido ɗaya ne, mu mutanen Sudan sai mu ƙara kula. Tun shekarun 1960 likitoci a ƙasar nan suka gano cewa wata fumfuna, irin wadda ke kama gyaɗa da hatsi a rumbu, tana shiga kogon hanci ta yi tsiro, a hankali ta turo ido. Manomi a Gadarif ko Mai Wurno da ke shaƙar ƙurar sussuka yana iya shaƙar fumfunar a cikinta. Muguntar ciwon ita ce sau da yawa ba ya zafi. Hanci ya toshe gefe guda, ido yana fitowa kaɗan-kaɗan, mutum yana zuwa gonarsa har sai gani ya fara raguwa. Ana gano shi da hoton siti-sikan, wato hoton asibiti da ke nuna cikin kai, a yi aiki a kwashe, sannan a bi da maganin fumfuna na watanni. Ciwon ƙari ko bugu a fuska ma suna fitar da ido ɗaya.

Yaro kuwa, idan idonsa ya kumbura ya yi ja cikin kwana ɗaya ko biyu, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga kwarmin, kuma tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti ko da dare ne. Haka idan aka ga fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin idonsa. Mai ciwon suga da ido ya fito masa tare da ciwon fuska, shi ma kada ya kwana a gida.

Mun san tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023 tafiya ta yi wuya, kuɗin mota ya yi tsada. Duk da haka a fara da asibiti mafi kusa, a roƙi takardar turawa zuwa likitan ido. Gidauniyar Al-Basar tana da asibitocin ido masu suna Makka a wasu garuruwan Sudan, a tambaya wanne ke aiki.

Kafin a isa, a kare idon daga bushewa, domin idon da ba ya rufuwa yakan yi gyambo ya bar hakiya. A sa wani a gida ya leƙa mara lafiyan yana barci, ya ga ko fatar idon tana haɗuwa. Idan ba ta haɗuwa, a sayi man ido na kemis a shafa da dare, da rana a ɗiga ruwan hawaye na kwalba. A ƙara matashi a ɗaga kai. A sa tabarau ranar ƙura. Kwalli, nono da ruwan ganye, kada ko ɗaya ya shiga idon.

Aikin aji: kowa ya rubuta a littafinsa abin da zai faɗa wa likita. Yaushe idon ya fara fitowa? Ɗaya ne ko biyu? Kana ganin abu biyu-biyu? Idon yana rufuwa idan ka kwanta?