Yadda za ka yi binciken zama da jama'a da hoto, sauti da WhatsApp

Ɗalibanmu na jami'o'in KASU da ABU da kwalejin Kadpoly a jihar Kaduna idan aka ce su yi bincike kan rayuwar jama'a abin da ke fara faɗo musu shi ne takardar tambayoyi, a buga a raba a tattaro a zuba a kwamfuta shikenan an gama furojet. Akwai wata hanyar kuwa da masana halayyar al'umma ke kira etinogirafi, wato ka je ka zauna da mutanen, ka ga yadda suke aikinsu, ka ji hirarsu, ka daɗe har su saba da kai su daina yi maka kallon baƙo. Wayar da ke aljihunka ta isa ta yi maka rabin aikin, in dai ka san yadda za ka riƙe ta a gaban mutane.

Mu ɗauka kana son nazarin maƙeran kasuwar Panteka da ke Kaduna, masu mayar da tsohon ƙarfe da gwangwani su zama tukunya, murhu, akwatin ƙarfe da injin markaɗe. Ranar farko kada ka fito da waya sam. Ka nemi shugaban ƙungiyarsu ka gaishe shi da ladabi, ranka ya daɗe ni ɗalibi ne daga makaranta kaza, ga takardar sashenmu ga abin da ya kawo ni. In unguwa ce, mai unguwa za ka fara gani. Mutanen Kaduna sun ga rusau sun ga masu karɓar haraji, duk wanda ya shigo kasuwa yana ɗaga waya sama to zargin farko shi ne gwamnati ce ta turo shi, kuma ba laifinsu bane. Sai ka yi ta zuwa kana zama a benci ana shan shayi da kai, wata rana da kansu za su ce Malam ba ka ɗauki wannan ba?

Maganar izini ba wasa bace. Ka faɗa wa mutum da Hausar da zai gane inda hoton zai je, wa zai gani, ko za a sa sunansa ko za a sakaya, kuma yana da damar cewa a goge ko bayan an ɗauka. Wanda baya son sa hannu a takarda ka naɗi amincewarsa da muryarsa. Yaron shago sai da yardar maigidansa da iyayensa, almajiri sai da yardar malaminsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi hoton mutum da muryarsa, amma ko babu doka amana ce aka ba ka. Sannan ka kiyaye inda kake nuna kyamara, garin nan cike yake da wuraren soja, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, barikin sojan sama da ke Mando da sauransu, ko kusa kada ka ɗaga waya a nan.

Yanzu ga inda daɗin aikin yake. Hoton da ka ɗauka kada ya kwanta a waya kawai, ka wanko shi ko ka nuna a fuskar wayar, ka koma wurin mai aikin ka ce Baba me ake yi a nan? Wani Ba'amurke John Collier ya gwada wannan ya rubuta a 1957, ya ga hirar da aka yi da hoto a gaba ta fi tsawo ta fi zurfi, mutane basa gajiya da wuri. Kai za ka ga mutum yana dukan ƙarfe da guduma ne kawai, shi kuwa zai ce ai wannan yaron shekararsa biyu a hannuna har yanzu ban bari ya taɓa bakin tukunya ba, nan take ka samu labarin yadda ake koyon sana'a, wa ke gaba da wa, yaushe ake yaye yaro. Tambaya ɗari a takarda ba za ta fito maka da wannan ba.

Abin da ya fi wannan ma shi ne ka miƙa musu wayar su ɗauka da kansu. Caroline Wang da Mary Ann Burris sun yi haka da matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1990, suka ba su kyamara suka ce ku ɗauki rayuwarku, daga baya aka zauna ana tattauna hotunan. A wurinmu wannan dabara tana warware babbar matsala, domin namiji ba zai wuce zaure ba a gidan da aka rubuta ba shiga, alhali a cikin gidajen nan na Tudun Wada da Rigasa ake sana'o'i masu yawa, ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, awara, turaren wuta, adashe. Ka samu 'yar'uwa cikin masu binciken ta shiga, da yardar maigida da Hajiya, ta ce Inna ki ɗauki abin da kike so a sani game da sana'arki. Ba sai fuska ta fito ba, hannu da kasko da faranti sun isa. Abin da ta zaɓa ta ɗauka da wanda ta ƙi ɗauka duk bayani ne, a tambaye ta dalili.

Sauti kuma mutane na mantawa da shi. Ka sa wayar a yanayin jirgi kafin ka fara naɗa don kar kira ya katse maka, ka ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, lokacin hunturu ka rufa wa makirfon ɗan soso saboda iska, kuma ka ja mutum nesa da janareta. Bayan hira, ka naɗi wurin shi kansa na minti biyar da safe, da azahar, da yamma, za ka ji yadda ƙarar guduma ke ɗaukewa idan an kira salla da yadda take canjawa idan an kawo wuta injinan walda sun tashi. Ka kunna wa maƙerin ka tambaye shi me yake ji, galibi kunnensa na rabe ƙarar da kai duk ɗaya kake jinta.

Akwai abin da waya bata iya kamawa, warin gawayi da na ƙonannen fenti, zafin da ke dukan fuska kusa da wuta, nauyin guduma idan aka ba ka ka gwada. Wannan sai biro da littafi, kuma a daren ranar za ka rubuta, in ka bari ya kwana biyu ya gudu kamar mafarkin asuba. Ka roƙa a bar ka ka sa hannu a aikin ko kaɗan ne.

Sai guruf ɗin WhatsApp da shafukan Facebook da TikTok, inda yanzu ake ciniki ana tura hoton kaya ana sasanta farashi da saƙon murya. Kada ka shiga guruf ka yi lamo kana kwasar sikirinshot. Ka nemi izinin admin, ka gabatar da kanka ga kowa, idan za ka kawo maganar wani a rubutunka ka tambaye shi ta gefe, ka goge suna da lamba.

Wajen ajiya, WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau, don haka ka tura shi a matsayin dokumen, sai dai ka sani ta haka bayanin inda aka ɗauka na iya bin hoton, gara ka kashe lokeshan na kyamara tun farko. Kowane fayil ka sa masa kwanan wata da wuri da laƙabin da ka ba mutumin, ka ajiye kwafi a kwamfuta da wani a Google Drive mai ba da 15GB kyauta, wayar kuma a sa mata fasawod. Kada ka dogara da netwok, mun ga yadda aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan a ƙarshen 2021. In kana son kwatanta da yadda wurin yake a da, ka leƙa cibiyar tarihi ta Arewa House da ofishin adana tarihi na ƙasa da ke nan cikin gari.

Kafin ka kai wa sufabaiza, ka koma Panteka ka nuna musu abin da ka haɗa. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi aiki a Nijar, ya nuna wa masu farautar dorina na Ayorou fim ɗin da ya yi a kansu a shekarun 1950, suka ce ya cire kiɗan da ya sa, domin kiɗa na ƙara wa dorina ƙarfin zuciya kuma su shiru suke yi a kan ruwa. Ka zauna da naka mutanen haka, ka rubuta duk gyaran da suka yi maka, wanda ya ce a cire hotonsa ka cire a gabansa, sauran kuma ka wanko ka ba kowa nasa.