Kurakuran masu tace zinare daga matattun wayoyi

Tun da labari ya bazu cewa akwai zinare a cikin matattun wayoyi da kwamfutoci, wasu matasa suka fara sayensu daga hannun 'yan jari-bola suna jiƙa su a asid. Kuskuren farko a lissafi yake, domin zinaren waya ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, kuma shafe ne siriri a kan haƙoran haɗa wuta na allon lantarkin da ke cikinta. Wanda bai tara kaya masu yawa ba, ko kuɗin asid ba zai mayar ba.

Wasu kuma sukan jefa allon gaba ɗaya, sai jan ƙarfe da kuza da dalma su cinye ƙarfin asid ɗin. Gyaran shi ne a fara yanke haƙoran masu launin zinare, a ware su daban.

Babban kuskuren dai shi ne yin aikin a cikin gida. Haɗin asid na haidurokulorik da na naitirik, wanda shi ne ke narkar da zinare, yana fitar da jan hayaƙi mai cin huhu, kuma sau da yawa sarƙewar numfashi ba ta bayyana sai bayan awanni, lokacin da mutum ya riga ya kwanta. Na taɓa shiga wani zaure da aka yi wannan aiki, na tarar ƙyauren ƙarfe da kwanon rufi sun yi tsatsa jawur, ga kuma yara suna wucewa ta nan zuwa makarantar allo. Ɗaure hanci da ƙyalle ba ya tare wannan hayaƙi. Aikin yana bukatar wuri mai na'urar zuƙe hayaƙi, da safar hannu ta roba da tabarau, da mazubin gilashi, domin asid yana cin tukunyar alminiyam. Ba a toshe bakin kwalbar haɗin don tana iya fashewa, ba a kuma zuba ruwa a cikin asid, asid ake tsiyayawa a cikin ruwa.

Ragowar ruwan da ake watsarwa a bayan gida yana ɗauke da dalma, kuma damina na iya kai shi rijiya. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, bayan da aka riƙa niƙa duwatsun zinare a tsakar gida. Wanda ba shi da wurin aiki da hanyar adana wannan ruwa, gara ya ware allunan ya sayar wa masu sarrafa irin wannan shara da ke da rajista da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli.