Yadda ake rakiyar mahaya keke a doguwar tafiya cikin karkara

Duk lissafin motar rakiya da mahayin ƙarshe ake yin sa. Na gaba yana da ƙarfi, zai kai kansa. Wanda aka bari a baya shi ne ruwa ke yanke wa, shi ne tayarsa ke yin faci a inda ba gida gaba ba gida baya.

Kafin ranar tashi, ka bi hanyar da mota tun daga farko har ƙarshe. Ka rubuta inda kwalta ta ƙare, inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa, inda za a iya ɗibar ruwa mai tsabta, da asibiti mafi kusa da kowane zango. Ka sauke taswira a waya yadda za ta buɗe ko babu intanet. Ayari mai matsakaicin ƙarfi yana cin kilomita 80 zuwa 100 a yini, yana tafiyar kamar kilomita 18 zuwa 20 a awa a kan kwalta, amma gargada da yashi suna rage wannan sosai. A sa wurin hutu duk bayan kilomita 25 zuwa 30, a inuwa.

Ruwa shi ne babban kaya. Mahayi yana shan rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, gwargwadon zafin rana. Mutum 10 da za su yi awa 6 a kan sirdi za su iya shanye lita 45, ban da na wanke rauni da na jiƙa jiki, saboda haka jarka uku masu lita 25 ba su yi yawa ba. Kuma kada a dogara da ruwa zalla: gumi yana fita da gishiri, wanda ya yi ta ɗirkar ruwa ba gishiri zai iya samun ciwon kai da tashin zuciya. A tanadi garin gishiri da sukari na jiƙawa. Abinci kuwa kaɗan-kaɗan ake ba su, mai sitaci, tun yunwa ba ta kama su ba.

Kada mota ta manne a bayan ayari, za ta tare wa sauran motoci hanya. Ka wuce gaba ka tsaya a kowace mararraba, ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sai na ƙarshe ya wuce sannan ka tashi. A mararraba ake ɓata, kuma wanda ya ɓata yakan yi nisa kafin ya gane.

A akwatin gyara, a sa tub biyu ga kowane keke daidai da girman tayarsa, kayan faci, famfo mai nuna awon iska, makullan Allen (masu kusurwa shida) masu lamba 4, 5 da 6, wayar birki da ta giya, robar birki, wayoyin wili, da man sarƙa. Ka duba bawul, wato bakin da ake ɗura wa tub iska, domin iri biyu ne: Presta siriri da Schrader mai kauri irin na mota, kuma ba kowane famfo ke kama duka biyun ba. Mahaɗin sarƙa ma, wato ɗan ƙarfen da ake haɗa sarƙa da shi in ta tsinke, sai ya dace da yawan giyar keken. Na keke mai giya 9 ba ya zama a sarƙar mai giya 11.

Idan an ciro tub, a duba hujin kafin a sa sabo. Huji ɗaya ƙaya ce ko ƙusa, sai a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a zare ta, in ba haka ba sabon ma zai fashe nan take. Huji biyu kusa da juna, kamar saran maciji, alamar iska ce ta yi ƙasa har wili ya datse tub a kan dutse. Maganinsa ƙarin iska.

Abin da ba ya jira shi ne bugun zafi. Mahayin da ya fara tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, a sauke shi ko da yana cewa lafiyarsa lau. A kai shi inuwa, a rage masa tufa, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a cikin mota. In ya fita hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki.