Yadda Ake Rigakafin Shanyewar Ɓarin Jiki a Karkara

Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiya, wanda shi ya fi yawa, ko kuma saboda jijiyar ta fashe. Ƙididdigar duniya ta 2019 ta nuna mutum miliyan 12.2 ne suka kamu da ita a shekarar, fiye da miliyan 6 suka rasu, kuma yawan masu kamuwa ya ƙaru da kashi 70 cikin ɗari daga 1990. Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani ga mazauna karkara shi ne nisa. Allurar da ke narkar da gudan jini ana yin ta ne galibi cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, kuma ba kasafai mai zaune nesa da babban asibiti yake cim ma wannan wa'adi ba. Saboda haka, mafi yawan aikin ceton rai a karkara tun kafin ciwon ya zo ake yin sa.

Mataki na farko shi ne auna hawan jini, domin shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke haddasa wannan ciwo. Matsalarsa ita ce ba ya yin shela: mutum yana iya yini a gona da ƙarfinsa alhali jininsa ya hau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Wanda yake jiran ciwon kai ko jiri kafin ya nemi awo yana iya makara.

Awon kansa yana da ƙa'ida, kuma a nan ne ake yawan yin sakaci. Mutum ya guji taba da motsa jiki mai ƙarfi na rabin awa, ya yi fitsari, sannan ya zauna minti biyar ya jingina bayansa, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ba tare da ya harɗe su ba. A ɗaura abin awon a kan damtse, ba a kan hannun riga mai kauri ba, a ɗora hannun bisa tebur daidai da ƙirji, kuma kada ya yi magana har na'urar ta gama. A maimaita bayan minti ɗaya ko biyu, a rubuta lambobin da kwanan wata. Idan an samu 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu mabambanta, to, lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi. Na'ura ɗaya mai aiki da batir ta ishi gidaje masu yawa, muddin akwai wanda aka koya wa amfani da ita.

Mataki na biyu shi ne riƙe magani, kuma a ganina ya fi na farko wuya. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana kaɗan a ajiye. Yana sauke jinin ne matuƙar ana shan sa, da an daina kuwa sai jinin ya koma gidan jiya. Mai nisa da wurin karɓar magani ya riƙa komawa tun da sauran na mako guda a hannunsa, kuma idan wata ƙwaya tana sa shi tari ko kumburin ƙafa, ya nemi a sauya masa, kada ya yanke ta da kansa. Wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 326 na ƙasar Sin ya nuna cewa ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, da aka horar da su ba da magani da bibiyar marasa lafiya, sun rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Na uku shi ne rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin kayan ɗanɗano da abincin gwangwani. A wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya shafi ƙauyuka 600 a Sin, maye gurbin gishiri da wanda aka gauraya da sinadarin fotashiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishiri ba tare da shawarar likita ba.

Sauran matakan sanannu ne: barin taba da giya, gwada sukarin jini, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, musamman a watannin da aikin gona ya ja baya. Wanda ake mantawa shi ne hayaƙin girki da itace ko gawayi a ɗaki rufaffe, wanda shi ma yana ƙara haɗarin, don haka a girka a sarari ko a buɗe wa hayaƙin mafita. Duk wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, yana sauri yana tsallake, ya je a duba shi.

Mataki na ƙarshe shi ne shirin ko-ta-kwana. Kowa a gida ya san alamomin: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ko gani ya dushe farat ɗaya. A ce wa mutumin ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya maimaita gajeriyar jimla. Idan ɗaya ta gagara, a lura da lokacin da abin ya fara, a kama hanya nan take. Kada a ba shi ruwa, abinci ko wani magani, har da asfirin, domin haɗiya tana iya lalacewa ya shaƙe, kuma idan jijiya ce ta fashe, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Idan ya fita hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe. Ko da alamomin sun wuce cikin mintuna, a je asibiti a ranar, saboda sau da yawa gargaɗi ne na babban da ke tafe. Tun kafin buƙata ta taso, iyali su san asibiti mafi kusa da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, su kuma ajiye lambar mai abin hawa da zai amsa kira ko da tsakar dare.