Ƙunar madafa: abin da muke shafawa ya fi wutar ɓarna

A gidan ƙuli-ƙuli na tashi, a unguwar Bagalam ta Maradi. Inna ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli ta jefa a kasko, mu kuma yara muna zagaye da murhu kamar ƴan tsaki. Ina da shekara tara ranar da na yi tuntuɓe da icen da ya leƙo daga murhu, kasko ya karkace, mai ya kwaro mini a damtsen hagu. Kafin in rufe baki daga ihun farko mata uku sun rufu a kaina. Wannan ta fasa ƙwai, waccan ta barbaɗa gishiri, Gwaggo ta tura yaro ya karɓo baƙin mai wurin mai gyaran babur. Randa tana nan cike da ruwa, taku uku daga inda nake tsalle, ba wadda ta dube ta.

"Kar wadda ta sa wa ɗiyar nan ruwa," in ji Gwaggo. "Bororo zai tashi."

Wata biyu ana jinyar hannun. Tabon yana nan har yau, mai sheƙi, kamar an liƙa mini leda. Sai da na girma na zauna wani horo na taimakon gaggawa, na gane cewa rabin tabon nan aikin mai ne, rabi kuma aikin masu ƙaunata.

Tsoron ruwan nan shi ne uwar kurakuran duka. Bororo ba ruwa ke kawo shi ba, zurfin ƙunar ne. Kin san dankali in kin tsame shi daga tukunya, cikinsa yana ci gaba da dahuwa ko da kin kashe wuta. Haka fata take. Man suya yana kai digiri 180, talge da kunu kuma suna manne wa jiki su ƙi sauka, zafin ya yi ta nutsawa. Ruwa mai sanyi ne ke zuƙe shi. Sai dai ba tsoma hannu a cire ba, yadda muke yi. Minti 20 ake so cur, ruwa yana kwarara a wurin, kuma minti 20 yana da tsawo in yaro yana kuka a hannunki, don haka ki duba agogon waya, kar ki yi kintace. In ba pampo, buta biyu sun wadatar: wata tana zubawa, wata tana cikowa. Ko an yi jinkiri, muddin ba a wuce awa 3 ba, ruwan yana da sauran amfani.

Da bazara, lokacin da Maradi ke haura digiri 40, ruwan da ya fara fitowa daga pampo shi kansa yana iya dafa ƙwai. Ki bar shi ya zube tukuna, ko ki nufi randa. Amma kar a ce tunda sanyi ake nema bari a sayo ƙanƙara. Ƙanƙara tana matse jijiyoyin jini, ta hana jini isa wurin da yake buƙatarsa, ƙunar ta ƙara zurfi. In ƙaramin yaro ne, wurin ƙunar kaɗai za a jiƙa, sauran jiki a lulluɓe, musamman da hunturu. Ya fara karkarwa, a dakata.

Ana cikin zuba ruwan nan za a zare zobe, awarwaro da agogo. Wannan mutane suna mantawa ƙwarai. Hannu yana kumbura cikin ɗan lokaci, zoben da ya fita salin-alin yanzu, an jima sai an nemo abin yanke shi. Riga ma a cire, sai dai in ta manne da fata. Wadda ta manne ba a fizgarta, a yanka kewaye da almakashi a bar wa likita sauran.

To, sai shafe-shafe. Makilin ne sarkinsu a yau, don yana sa wani sanyi-sanyi da ke yaudarar mutum, alhali ya bushe ya toshe zafin a ciki. Manja, man shanu da baƙin mai duk haka suke, ga datti. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ke kuma kin shimfiɗa shi a kan naman da ba fata. Gishiri azaba ce tsagwaronta. Toka, ƙasa da kashin shanu kuwa hanyar tetanos ce, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki, domin ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Akwai kuma na ƴan zamani: a sayo kafso wurin mai tallar magani, a buɗe, a zazzage garin a kan ciwo. Duk abin da aka shafa, in an je likita sai an wanke shi kafin a ga zurfin ƙunar, kuma wankin nan ya fi ƙunar ciwo. Wanda ya taɓa riƙe yaro ana goge masa busasshen makilin ba sai an ba shi labari ba.

Zuma ce kaɗai ba zan yi wa kuɗin goro ba. Gaskiya ne ana amfani da ita a kan ƙuna marar zurfi, har a asibitoci, amma tatacciya ce da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Ta cikin kwalbar bakin tasha, wa ya san sukari nawa aka dama a ciki? Kuma ko ta gaske ce, ba ta maye gurbin ruwa.

Bayan ruwa, a rufe wurin da abu mai tsabta wanda ba ya mannewa. Sabuwar farar leda da ba a taɓa sa komai a ciki ba tana yi, a ɗora ta sako-sako har a isa likita. Ban da auduga, zarenta yana shiga cikin ciwo. Farasitamol ya isa rage zafi. Bororo kuma a ƙyale shi, rufi ne da jiki ya yi wa kansa. Allura ko ƙaya da ake tsokana shi da ita ƙofa ce ake buɗe wa mugunya.

Wani kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne jin an ce, "Alhamdu lillahi, ba ta ma jin zafi." Ƙunar da ta yi fari fat, ko ta yi baƙi ta ƙandare kamar ƙirgi, kuma ba ta ciwo, ita ce mafi muni, don ta cinye jijiyoyin da ke jin zafin. Irin wannan ba ta kwana a gida. Haka wadda ta fi tafin hannun mai ƙunar girma, da wadda ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko gaɓa, da ta jariri, tsoho ko mai ciwon sukari. A tsayar da adaidaita a nufi gidan likita na unguwa, in ta fi ƙarfinsu su tura babban asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 a shekara, mafi yawa a ƙasashe irin namu, kuma da yawa ba ranar ƙunar suke tafiya ba, sai bayan ciwon ya ruɓe. Zazzaɓi, wari, ko ja yana bazuwa a gefen ciwo, duk kira ne na a koma likita a ranar.

Da azumi ƙunar mai ta fi yawa, ana gaggawar ƙosai ga magariba ta kawo jiki. In kasko ya kama da wuta, hannu da kansa yake zuwa ga kofin ruwa. Kar ki yarda. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin mai, ya rikiɗe ya zama tururi nan take, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watso man mai ci da wuta har fuska. Ki kashe gas, ki zura marfi ko faranti ki rufe kaskon, ki bar shi ya huce a wurin. Masu ɗaukar kasko su ruga waje da shi, su ne ke ƙona kansu da duk wanda suka ci karo da shi a ƙofa. In kuma tufa ce ta kama, gudu yana hura wutar. A faɗi ƙasa a yi birgima, na kusa ya danne da bargo. Dogayen hijaban roba da muke girki da su ba ci kawai suke yi ba, narkewa suke su liƙe a jiki. Ɗan kwalin atamfa ya isa a gaban murhu.

Tun da matatar man fetur ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidaje da yawa, ya zo da nasa kurakuran. Ƙaramar tukunyar kilo 6 mai kan girki a bisa doguwa ce, in an ɗora mata babbar tukunyar tuwo ana tuƙi, abu kaɗan ke kifar da ita, kuma tsayinta daidai kan mai rarrafe. A fara kyasta ashana kafin a buɗe gas, ba a buɗe a tafi neman ashana ba. An ji wari, a rufe, a buɗe ƙofa da taga, kar a taɓa makunnin lantarki. Masu tsiyaya fetur a kan gawayi don ya kama da wuri, ban san me zan ce musu ba.

Yanka kuwa, mu a tafin hannu muke yanka albasa da kuɓewa, ba kuma zan ce a daina abin da aka gada ba. Amma dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi cin mutum, don sai an danna ta da ƙarfi, in ta zame ba ta tsayawa. Ranar layya da marfin gwangwanin tumatir sun ishe mu shaida. In jini ya ɓalle, a danne da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, minti 10 ba leƙe. Leƙen nan na "bari in gani ko ya tsaya" shi ke ɓalle gudan jinin da ya fara toshe wurin. Ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kansa. Ban da ƙasa, garin taba, yanar gizo da man birki. Jini ya tsaya, a wanke da ruwa da sabulu a rufe. In bakin yankan ya wage, ko jini yana tsartuwa, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu, ɗinki yake so, kuma ɗinki cikin awoyin farko ake yinsa, ba washegari ba. A can a tambayi allurar tetanos.

Tabo tun ranar farko ake rage shi. Ƙunar da ta wuce mako uku ba ta rufe ba ita ce ta fi barin tabo mai tudu, shi ya sa duk abin da ya ja jinya yana ƙara muni. Yatsun da suka ƙone, in aka naɗe su a dunƙule, a haɗe za su warke. Kowane da nasa naɗi. Gwiwar hannu ko wuya da aka bari a lanƙwashe don tsoron zafi, fatar tana tsukewa a haka, sai an yi aiki kafin ta miƙe. A riƙa motsa gaɓar kullum, ko ana hawaye.

In ciwon ya rufe sarai, nan ne man kaɗe ko basilin ke da rana: a shafa ana murzawa a hankali, safe da yamma, a kuma kare wurin daga rana don kar ya yi baƙi. Tabo yana ɗaukar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya kwanta, amma mu wata biyu muke ba shi mu ɗauko man bilicin. Man nan yana sirantar da sabuwar fata, ya haske kewaye, tabon ya ƙara fitowa fili. Akwai kuma tabon da ke tasowa ya zarce iyakar ciwon, mai ƙaiƙayi, wanda ya fi samun masu baƙar fata. Shi wannan ko likita ba ya yanke shi haka kawai sai ya haɗa da allurai, don yana dawowa ya fi da. Lokacin da gefen nawa ya fara tudu, Gwaggo ta kawo shawarar a kira wanzami ya shafe shi da aska. Inna tana juya ƙuli a kasko, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, a bar mata hannunta haka nan," ta ce. "Wanda muka yi ya isa."